Daga Doki Zuwa Allo: Yadda Yaran Japan Ke Rubuta Burinsu Su Rataye a Bainar Jama'a

A tsakiyar watan Janairu, lokacin da sanyin Tokyo ke sa numfashin mutum fita kamar hayaƙi, duk wanda ya shiga harabar wurin bautar da ake kira Yushima Tenjin zai ci karo da tarin ƙananan alluna na katako. An rataye wani a kan wani, ɗaruruwa bisa ɗaruruwa, har sun yi tudu sun kumbura, iska na kaɗa su suna ƙwanƙwasar juna. Wurin ba shi da nisa da Jami'ar Tokyo, tafiyar 'yan mintoci ce da ƙafa. Kowane allo bai wuce faɗin tafin hannu da rabi ba, samansa a karkace kamar jinkar ɗaki, da ɗan zare na ratayewa. A gabansa akwai hoto. A bayansa kuwa rubutu ne da baƙin alƙalami, kuma da yawa daga cikin rubuce-rubucen hannun yara ne: sunan wata makaranta, sai roƙon a ci jarrabawar shiga, sai sunan mai roƙon ko farkon harafin sunansa. Wani ka ga ya matse rubutun a ƙarshen layi domin wuri ya ƙare masa. Wani kuma uwa ce ta rubuta, ɗan ya zana fuska mai murmushi a gefe.

Sunan wannan allo ema. Mutum kan saye shi a tagar wurin bautar, yawanci daga yen 500 zuwa 1,000, ya tsaya a kan wani ɗan tebur da aka ajiye wa alƙaluma, ya rubuta, ya je ya rataye da hannunsa. Abin da ya daɗe yana jan hankalina a wannan al'ada shi ne an ba yaro alƙalami an ce ya faɗi abin da yake so, sannan an rataye maganarsa inda kowa zai karanta. Imanin da ke ƙarƙashin abin nasu ne, kuma Musulmi ko Kirista ya san wanda yake roƙo. Amma yadda wata al'umma ta ɗaure roƙo da koyon rubutu tun daga ƙuruciya, da abin da hakan ya zama a zamanin tseren jarrabawa, ya cancanci a zauna a duba shi da kyau.

Kalmar ema ta ƙunshi guda biyu: e na nufin hoto, ma na nufin doki. Asalin abin doki ne mai rai. Mutanen Japan na dā sun ɗauka cewa kami, wato ababen bautar addinin Shinto, dawaki suke hawa, don haka wanda ke da babbar buƙata sai ya kai doki kyauta. Idan fari ya yi tsanani, fadar sarki kan aika da akawal domin roƙon ruwa. Idan ruwan ya yi yawa har yana neman cinye amfanin gona, sai a aika da kili domin sama ta washe. Wurin bautar Kifune da ke cikin duwatsun arewacin Kyoto ya yi suna a wannan, kuma har gobe yana tinƙaho da cewa a nan al'adar ema ta samo asali. To amma doki ba abin da kowa ke iya bayarwa ba ne, kuma ko wurin bautar ma ciyar da garken dawaki nauyi ne a kansa. Sai aka koma ga dokin yumɓu da na katako, daga nan aka koma ga zanen doki a jikin allo. Masu tonon kayan tarihi sun samo irin waɗannan alluna tun na zamanin Nara, wato tsakanin 710 da 794. Wasu manyan wuraren bauta kamar Ise da Kamigamo har yau suna da dokinsu na gaske a barga.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne matakin da ya biyo baya. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, talakawa suka karɓe allon suka mai da shi nasu, kuma da yake da yawansu ba su iya rubutu ba, hoto ne ke magana a madadinsu. Mai ciwon ido zai rataye allo mai harafin da ake karantawa "me", wato ido a harshensu. Matar da nononta ya ƙafe za ta rataye hoton mai shayarwa. Wanda ke son rabuwa da caca ko giya ko neman mata zai rataye allo mai harafin zuciya an garƙama masa kwaɗo. Babu suna, babu dogon bayani. Wanda ya gani ya san akwai wani a garin nan da ke fama da wannan, amma bai san ko wane ne ba. Sai da karatu ya game ƙasa sannan rubutu ya kori hoto zuwa gaban allon ya zama ado, shi kuma ya mamaye bayan.

Shigowar yara cikin lamarin ta wata ƙofa ce daban, ƙofar bikin Tanabata, wanda ake yi ranar 7 ga watan bakwai. Labarinsa daga Sin ya zo. Wai akwai wata masaƙiya a sama mai suna Orihime, da wani makiyayi mai suna Hikoboshi. Da aka yi musu aure sai soyayya ta ɗauke musu hankali, ita ta bar saƙa, shi ya bar shanu suka watse. Mahaifinta ya fusata ya raba su, ya sa kogin sama a tsakaninsu, wato farin zanen taurarin nan da ke ratsa sararin samaniya a daren da babu wata. Sau ɗaya kawai a shekara aka yarje musu su haɗu, shi ma sai in sun riƙe aikinsu. Taurari biyu masu haske ne ake nufi, waɗanda masana ke kira Vega da Altair. A fadar Japan ta ƙarni na 8, matan fada kan yi amfani da daren su roƙi ƙwarewa a ɗinki da saƙa, daga baya aka haɗa da waƙa da kyan rubutu. Masu mulki kan rubuta baitoci a jikin ganyen wata bishiya da ake kira kaji.

A lura da irin roƙon. Ba dukiya ake roƙo ba, hannu ake roƙo ya faɗa. Wannan shi ne ya sa al'adar ta dace da makarantun terakoya, ƙananan makarantun unguwa da suka haura dubu goma a ƙarshen zamanin Edo, inda wani malamin addinin Buddha ko samurai (barden Japan na dā) marar muƙami ko wani mai ilimi a gari ke tara yara yana koya musu karatu da rubutu da lissafi. Wanda ya yi makarantar allo zai gane yanayin nan take: malami ɗaya, yara masu shekaru daban-daban, kowa da darasinsa, hannu duk tawada. Da safiyar Tanabata yara kan fita gona su tara raɓar da ta kwanta a kan ganyen gwaza. Duk wanda ya taɓa ganin ganyen gwaza da sassafe ya san yadda ruwa ke dunƙulewa a tsakiyarsa kamar dutsen ado, yana gangarawa ba ya jiƙa ganyen. Da wannan raɓa suke niƙa tawadarsu, domin an ce ɗigon kogin sama ne, kuma wanda ya yi rubutu da ita hannunsa zai yi kyau. Sai su rubuta a kan doguwar takarda siririya mai launi, wadda ake kira tanzaku, su ɗaura a reshen gora. Yaron yana roƙon kyan rubutu, kuma roƙon kansa rubutu ne da za a rataye maƙwabta su gani. Roƙo da gwaji sun zama abu guda.

Har yau haka ake yi, sai dai tawadar raɓa ta yi ƙaranci. A ƙarshen watan Yuni za ka ga reshen gora a makarantun renon yara, da firamare, da tashar jirgin ƙasa, da manyan kantuna, da asibitoci, da wuraren bauta, ga takardu masu launi a kwando ga alƙalami. Ɗan shekara uku malamarsa ce ke tambayarsa ta rubuta masa, kuma abin da ya faɗa shi take rubutawa, ko da cewa ya yi yana son ya zama jarumin katun ko motar kashe gobara. Ɗan shekara biyar ko shida yakan rubuta da kansa da haruffan hiragana guda 46 da ya fara koya, wasu a juye. Yarinya ta ce tana son ta buɗe shagon kek. Yaro ya ce yana son ya iya hawa keke ba tare da ƙananan tayoyin gefe ba. Wani ya ce kakarsa ta warke. Kusan duka suna ƙarewa da kalmomin Japananci iri ɗaya, "masu yō ni", wanda ya yi daidai da mu ce "ya zamana cewa". Ba a ambaci wanda ake roƙo ba. Jimlar a buɗe take, kuma ina ganin wannan buɗewar ce ta sa al'adar ta rayu.

Dalili kuwa shi ne, tsarin mulkin Japan na 1947, a sashe na 20, ya hana gwamnati da hukumominta koyar da addini. An yi haka ne bayan yaƙin duniya na biyu, saboda yadda aka yi amfani da Shinto wajen cusa wa yara biyayya ga sarki da yaƙi. Makarantar gwamnati ba za ta kwashi ɗalibai ta kai su su yi bauta ba. Amma Tanabata ana ɗaukarsa al'adar shekara, kamar yadda ake ɗaukar furen bazara, don haka ya zauna daram a cikin aji. Ga kuma wani abu da ke ɗaure wa baƙo kai. Idan aka tambayi Japanawa ɗaya-ɗaya, mafi yawansu za su ce ba su da addini. Idan kuma aka haɗa alƙaluman mabiya da ƙungiyoyin addini ke miƙa wa gwamnati, jimillar takan zarce yawan mutanen ƙasar baki ɗaya, saboda mutum guda ana ƙirga shi a Shinto ana kuma ƙirga shi a Buddha. A wajensu abin da ake aikatawa ya fi abin da ake furtawa nauyi. Ana kai jariri wurin bauta, ana kai yaro bikin Shichi-Go-San a wajajen 15 ga Nuwamba idan ya kai shekara uku ko biyar ko bakwai, ana zuwa ziyarar farkon shekara, kuma ba wanda zai tsare ka ya tambaye ka me ka yi imani da shi. Wuraren bautar Shinto a ƙasar sun kai kimanin 80,000, ke nan da wuya yaro ya taso babu ɗaya kusa da gidansu.

Yanzu mu koma ga tudun allunan Yushima, domin a nan ne labarin ya yi nauyi. Wanda ake roƙo a can mutum ne da ya taɓa rayuwa, Sugawara no Michizane, wanda aka haifa a 845. Malami ne kuma mawaƙi, ɗan gidan malamai, wanda ilimi ya ɗaga shi har ya zama ɗaya daga cikin manyan waziran fada biyu a 899. Dangin Fujiwara, waɗanda suka saba riƙe fada, ba su ji daɗi ba. Fujiwara no Tokihira ya sare shi a wajen sarki, aka tura shi Dazaifu a can tsibirin Kyushu a 901, ya mutu a can cikin baƙin ciki a 903. Daga nan masifu suka yi ta faɗa wa fada. Tokihira ya mutu a 909 bai kai arba'in ba. A 930 aradu ta faɗa a cikin fada ta kashe manyan fadawa, Sarki Daigo kuma ya rasu bayan 'yan watanni. Mutane suka ce kurwar wanda aka zalunta ce ke ramuwa. Domin a lallashe ta aka mayar masa da muƙamansa, aka gina masa wurin bauta a Kitano cikin Kyoto a 947, aka kira shi Tenjin. Da ƙarnoni suka shuɗe tsoron ya dusashe, aka tuna cewa mutumin malami ne. Yaran terakoya suka riƙa girmama shi ranar 25 ga kowane wata, domin an ce a ranar 25 aka haife shi, a ranar 25 kuma ya rasu. A yau wuraren bautarsa sun kai kimanin 12,000.

Shekarar karatu a Japan a watan Afrilu take farawa, don haka jarrabawar shiga makarantu takan faɗo daga Janairu zuwa Maris. Karatun dole shekara tara ne. Babbar sakandare da jarrabawa ake shigarta, kuma kusan kowa na shiga, abin da ake tsere a kai shi ne wacce. Jarrabawar bai-ɗaya ta shiga jami'a a tsakiyar Janairu ake yin ta. A Tokyo kuwa tun daga 1 ga Fabrairu dubun-dubatar yara 'yan shekara goma sha biyu ke zama jarrabawar shiga ƙananan sakandare masu zaman kansu, bayan sun shafe shekara biyu ko uku suna zuwa juku, wato darasin yamma na kuɗi, suna dawowa gida da dare. Waɗannan su ne masu allunan. Kalmar da ta fi yawa a jikinsu ita ce gōkaku, cin jarrabawa. Da yake kalmar ta yi kama da gokaku, mai kusurwa biyar, ana yin alluna da fensira masu kusurwa biyar don wannan kasuwa. Hatta cakulan KitKat ya shiga ciki, saboda sunansa ya yi kama da kitto katsu, "tabbas za ka ci". Akwai gunkin bijimi a kwance a wuraren Tenjin wanda goshinsa ya yi sulɓi yana ƙyalli saboda shafar ɗalibai.

A nan ne nake ganin an yi asara. Yaron terakoya ya roƙi hannunsa ya faɗa, abin da ke cikin ikonsa, wanda kuma in ya samu bai rage wa kowa komai ba. Yaron Yushima yana roƙon kujera a makarantar da kujerunta ƙidayayyu ne, kuma allon da ke rataye kusa da nasa wataƙila sunan makaranta ɗaya ya rubuta. In an amsa wa wannan, an hana wancan. Haruffan kalmar gōkaku guda biyu, ɗaya a aji biyu ake koyar da shi, ɗaya a aji biyar, cikin haruffan kanji (waɗanda aka aro daga rubutun Sin) 1,026 da ɗan firamare ke koya a shekara shida. Ke nan tsakanin takardar da ta ce "in zama motar kashe gobara" da allon da ya ce "in ci jarrabawar makaranta kaza" shekara tara ne kacal, kuma a cikinsu burin yaro ya tsuke ya koma girman takardar sakamako. Sau da yawa ma ba a iya rarrabe burin yaron da na uwarsa.

Ba allon ne ya jawo wannan ba, shi nunawa kawai yake yi. A 2022 ɗaliban firamare da sakandare 514 ne suka kashe kansu a Japan, adadi mafi yawa da aka taɓa gani zuwa wancan lokaci, kuma koma-bayan karatu da damuwar makoma suna cikin manyan dalilan da hukuma ta lissafa. Wannan adadi yana taɓa min zuciya ƙwarai, musamman a ƙasar da haihuwa ke raguwa har jariran da aka haifa a 2023 ba su kai 730,000 ba. Yara sun yi kaɗan, nauyin da ke kan kowane ɗaya ya ƙaru.

Duk da haka ba zan ce allon ba shi da amfani ga yaron da ke cikin wannan matsi ba. Japanawa mutane ne masu ɓoye abin da ke ransu, yaro kuma tun yana ƙarami ake koya masa kada ya dami mutane da damuwarsa. Allon da takardar suna cikin 'yan wuraren da aka yarda ya faɗi abin da yake so ƙarara ba tare da an ce ya yi rashin kunya ba. Uban da ke fita da asuba ya dawo tsakar dare yakan tsaya a bayan ɗansa a wancan tebur, ya ga abin da hannun yaron ke rubutawa. Malamar aji idan ta zo ɗaura takardu a gora, a cikin talatin za ta iya cin karo da wadda ta ce "ya zamana na yi aboki", ko "ya zamana baba da mama sun daina faɗa". Yaron bai gaya mata ba, taurari ya gaya wa, amma ita ce ta karanta. Sannan wanda ya rubuta sunan makaranta da hannunsa ya rataye a gaban jama'a ya ɗaure kansa da alkawari. Da yawa ma ba sa rubuta "ya zamana", sai su rubuta "zan ci", kamar mai rantsuwa.

Lokutan masifa sun fito da wannan fili. Birnin Sendai shi ne ya fi kowa shahara da Tanabata, kuma a watan Agusta yake yin nasa, daga 6 zuwa 8. Dalili shi ne da Japan ta koma kalandar Turawa a 1873, ranar 7 ga Yuli ta faɗo cikin tsakiyar damina, lokacin da hadari ke rufe taurarin da ake bikin dominsu, sai wasu garuruwa suka jinkirta da wata guda. Sendai na cikin yankin da girgizar ƙasa da igiyar teku suka ɗaiɗaita ranar 11 ga Maris 2011. Ba a fasa bikin a shekarar ba. Ɗaliban firamare da ƙananan sakandare na birnin suka naɗe dubun-dubatar tsuntsayen takarda aka rataye su a tsakiyar kasuwa da fatan garinsu ya farfaɗo, abin kuma ya zama al'ada a shekarun da suka biyo baya. A 2020 annobar korona ta hana bikin Sendai, amma rassan gora na makarantu da tashoshi a faɗin ƙasar sun cika da roƙo kusan iri ɗaya, cewa cutar ta wuce a koma wasa da abokai.

Wayar hannu ta kawo wani sauyi. Dā wanda ya karanta allonka maƙwabci ne ko baƙo mai wucewa. Yanzu kowa na iya ɗaukar hotonsa ya watsa a intanet, da sunan yaro da sunan makarantar da yake nema. Shi ya sa wasu wuraren bauta suka fara ba da sitika a manna a kan rubutun, iyaye da yawa kuma suka daina sa cikakken suna. Na fahimci dalilin, kare yaro wajibi ne. Amma allon da aka rufe ya rasa rabin aikinsa, domin ɗalibin da ke tsaye a gaban tudun nan yana karanta na wasu yakan gane cewa tsoron da ke cikinsa yana cikin dubban sa'o'insa.

Allunan ba sa dawwama. Idan sun taru, ma'aikatan wurin kan sauke su a ƙone a wata wuta ta musamman da ake kira otakiage. Takardun Tanabata dā a kogi ake sakin su da gorarsu washegari, yanzu galibi ƙonawa ake yi ko a ba yaro ya kai gida. Rubutun farkon shekara ma da yara ke yi ranar 2 ga Janairu, wuta ake jefa shi a tsakiyar watan, kuma an ce wanda tokar takardarsa ta tashi sama sosai hannunsa zai yi kyau.

A watan Fabrairu bishiyoyin ume, wani irin itacen marmari, da ke harabar Yushima da Kitano da Dazaifu kan yi fure, bishiyar da aka ce Michizane ya fi so. A cikin makonnin ne sakamako ke fitowa. Waɗanda suka ci sukan dawo da iyayensu ziyarar godiya, orei-mairi, wasu su sayi sabon allo su rubuta "na gode" kawai. Wanda bai samu jami'ar da yake so ba ya zaɓi ya sake shekara, sunan da ake kiransa da shi rōnin, kalmar da dā ake kiran samurai da ya rasa ubangida. Shekara guda zai yi ba shi da makaranta ba shi da aji, daga ɗakinsa sai wurin darasi, kuma idan Janairu ta zagayo za ka same shi a wancan tebur cikin sanyi, ya cire safar hannu, yana sake rubuta sunan makarantar da ya rubuta bara.